Filin Shawarwari: Kwamfutar da Ta Ƙi Karɓar Firinta

Malam, ina neman shawararka a kan wata mas'ala da ta dame ni. Ni malamin Islamiyya ne, kuma kwanakin baya na tara abin da ya sawwaƙa na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, domin in riƙa buga wa ɗalibai takardun jarrabawa. Amma duk sa'ad da na jona mata firinta sai ta fito da saƙo cewa dokar na'urar ta hana, wai in tuntuɓi mai kula da ita, alhali kuwa ba ta da wani mai kula sai ni da na biya kuɗinta. Yaron da ke yi mana gyara ya ce in bari ya kashe binciken sa hannu na Windows, ya sauko da direban firintar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da ita, daga duk inda ya samu a intanet. Zuciyata ba ta kwanta ba, ga jarrabawa ta ƙarato. Mene ne abin yi?

Naka, Malamin Islamiyya, Funtuwa.

Malam, Allah ya saka da alheri bisa hidimar ilmi, kuma lalle ka yi daidai da ka dakata, domin abin da yaron nan ya ba da shawara, ko da an yi shi, ba zai warkar da cutar ba, tun da yake binciken sa hannu daban ne, dokar da ta tare ka kuma daban.

Saƙon da ka gani alama ce ta cewa kwamfutar nan, kafin ta zo hannunka, ta yi aiki a wani kamfani ko ma'aikata, inda masu kula da na'urori suka ɗora mata doka kada ma'aikaci ya jona mata abin da ba su yarda da shi ba, don gudun satar bayanai da shigowar cuta, sa'an nan aka sayar da ita ba tare da an wanke ta ba, dokar kuwa ba ta san an yi ciniki ba. Fara da tabbatar da cewa asusun da kake shiga da shi na Administrator ne, domin tun watan Agusta na 2021, bayan ɓarakar tsaron nan da aka sa wa suna PrintNightmare, kamfanin Microsoft ya tsananta, ya mai da girka direban firinta aikin mai wannan matsayi. Daga nan ka shiga Settings, ka buɗe Accounts, ka duba Access work or school, ka ga ko har yanzu akwai sunan wata ma'aikata a maƙale. In babu, kuma Windows ɗinka Pro ne, sai ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta gpedit.msc, ka bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, Device Installation, har ka isa Device Installation Restrictions, inda za ka mai da duk abin da ka tarar an kunna zuwa Not Configured, ka kashe na'urar ka sake tayar da ita.

Idan kuwa ka tarar da sunan ma'aikata, ko dokar ta dawo bayan ka cire ta, to, abin da ya fi tsafta shi ne ka kwashe takardunka a filashi a sake ɗora Windows sabo. Akwai kuma kwamfutocin da aka yi wa rajista da lambar jikinsu, ta yadda ko an wanke su, da zarar sun hau intanet sai su sake neman tsohon gidansu. Irin wannan galibi babu mai sakinta sai masu ita na farko, kuma a ganina wajibi ne ka mai da ita ga wanda ya sayar maka, ya musanya ko ya kawo hujjar inda ya samo ta, domin mai koyar da yara halal da haram bai kamata ya zauna da shubuha a kan teburinsa ba.

Amma batun sa hannu, ka ɗauke shi kamar isnadi a wurin malaman hadisi, waɗanda ba su karɓar riwaya sai sun san daga wa ta fito da kuma cewa ba a taɓa ta a hanya ba. Tun zamanin Windows Vista ake neman wannan shaida a kan na'urori masu 64-bit, a 2016 kuma aka ƙara cewa sababbin direbobin da ke aiki a can cikin zuciyar Windows sai Microsoft da kansa ya sa musu hannu, saboda abin da ya isa wannan wuri yana da iko a kan kome. Duniya ta ga girman wannan a ranar 19 ga Yuli, 2024, sa'ad da kuskure guda a sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Wannan fa kamfani ne sananne, balle direban da ba a san asalinsa ba.

Saboda haka, bayan ka kau da dokar, ka duba lambar samfurin da ke rubuce a jikin firintar, ka sauko da direbanta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko ka bar Windows Update ya nemo maka. In ka buɗe Device Manager ka ga lamba 52 a kanta, wannan ne ke nuna ba a tabbatar da sa hannun direban ba, maganinsa kuma sabon direba ne daga masu shi. In lokaci ya ƙure kafin a gama, ka kai takardun shagon buga takardu a wannan zangon, kada gaggawa ta sa ka buɗe ƙofar da sunayen ɗalibanka da sakamakonsu ke bayanta. Ka rubuto mana abin da ka tarar, Allah ya ba yaran sa'a.