Darasi Na Tara: Taki Da Fari

Dubi sabara da kalgo a jigawar Taura. Ba mai zuba musu taki, amma rani ba ya kashe su, gama saiwarsu ta nutsa har inda laima ta ke. Da dare sabara kan jawo ruwa sama, geron da ke kusa ya sha.

Takin zamani kan sa tsiro yawan ganye, mai yawan ganye kuwa shi ne mai yawan ƙishirwa. In ruwa ya ɗauke, sai ya ƙone. Takin dabbobi shi ke riƙe laima.

Fari irin na 1973 da 1984 yana iya komowa. Saboda haka sassabe sabara, kada ka tumɓuke ta. Kada ka zuba takin zamani sai ƙasa ta jiƙe.