Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Karsana Za Ta Haihu?

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Panisau, ƙaramar hukumar Ungogo. Ya ce ya sayo karsana Bunaji a kasuwar Dambatta, an yi mata barbara, yana son sanin ranar haihuwa da alamominta.

To, malam, Allah ya sa albarka. Cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki. A ƙirga daga ranar barbara, wata 9 da 'yan kwanaki.

Idan lokaci ya gabato, hantsa takan cika ta yi tauri, gindin wutsiya ya lotsa, ruwa mai yauƙi ya riƙa zubowa daga farjinta, karsanar ta dinga kwanciya tana tashi. Maraƙi yakan fito da ƙafafun gaba, hancinsa a kansu. Idan ta yi awa 2 tana nishi babu ci gaba, kada a ɗaura igiya a ja da ƙarfi, a kira likitan dabbobi.

Sai dakashi, wato nonon farko mai kauri. Kada a tatse dakashi a zubar. Shi ne rigakafin maraƙi, ya sha shi tun a sa'o'in farko. Mabiyiya kuwa, idan ta kwana ba ta faɗo ba, a sake neman likita.