Shirin Ziyarar Tafkin Tila

Yaron da ya tashi a Bagudo ya san ruwa sarai. Ga kogin Kwara kusa da shi, ga fadamun shinkafa har Illo da Lolo, bakin iyakar ƙasar Benin, wadda ake kira Dahomey kafin 1975. Amma ruwan Kwara tafiya yake yi. Akwai wani irin ruwa kuma wanda ke zaune cikin bakin dutse, kamar fura cikin ƙwarya.

Irin wannan ruwa shi ne Tafkin Tila, kusa da garin Biu a Jihar Borno. A zamanin da, duwatsun ƙasar Biu suna aman wuta. Narkakken dutse yakan taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya malala, ya daskare ya zama baƙi ƙirin. Da wutar ta mutu, sai wani babban baki ya saura a buɗe, ruwa ya taru a ciki. Mutanen wurin, watau Bura da Babur, sun daɗe suna girmama kadojin tafkin nan.

To, mai son ganinsa sai ya fara lissafin tafiya. Bagudo tana can ƙarshen yamma, Biu kuwa tana gabas mai nisa. Ko da mota, sai an kwana a hanya kafin a kai Gombe, daga nan a hau zuwa Biu. Saboda haka ziyarar yini guda daga Biu ake shirya ta. Kafin a tashi, wajibi ne malami ya tambayi hukuma ko hanya lafiya, gama ƙasar ta sha fama da tashin hankali tun 2009.

Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya rufe duwatsu. A fita da sassafe, da guzuri da goran ruwa da takalma masu ƙarfi, don baƙin dutse yana yanka ƙafa. Idan an isa, sai a fara gai da dagaci, a roƙe shi jagora. Kada yaro ya ce ya iya iyo a Kwara, ya faɗa tafkin da bai san zurfinsa ba. Da la'asar malami ya ƙidaya yaransa, a juya tun rana ba ta faɗi ba.

Tambayoyi
1. Yaya Tafkin Tila ya samu?
2. Don me ake tafiya da kaka?