Ƙwan Da Ke Cikin Na'urar Hoton Ƙashi

Idan mutum ya faɗo daga kan itace ya karye, ko tari ya daɗe yana damunsa, likita yakan ce a je a yi hoto. Wannan hoto shi ake kira eksire. Za a shiga da majiyyaci wani ɗaki, a tsayar da shi gaban allo ko a kwantar da shi a kan tebur. Sai ya ji ƙugi na ɗan lokaci, a ce masa an gama. Bai ga wuta ba, bai ji zafi ba, amma ga ƙasusuwansa sun fito a hoto.

Wasu suna tsoron wannan ɗaki, har su koma gida ba a yi hoton ba. Wasu kuma sun ɗauka hoton kansa magani ne, sai su nemi a yi ta maimaita musu. Dukansu rashin sani ne ya jawo. Darasin wannan wata zai bayyana abin da ke cikin na'urar, domin a san inda amfaninta yake da inda ya kamata a yi hattara.

Yadda aka gano shi

Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ne ya gano wannan haske a garin Wurzburg, ranar 8 ga Nuwamba, 1895. Haske ne da ido ba ya gani. Yana ratsa nama cikin sauƙi, amma ƙashi yakan tare shi. Saboda haka hoton eksire inuwa ce, kamar yadda hannu ke yin inuwa a bango idan an sa shi gaban fitila. Kafin shekarar ta ƙare, Rontgen ya ɗauki hoton hannun matarsa, aka ga ƙasusuwa da zobenta.

Na'urorin farko ba su da tabbas. Yau su yi aiki, gobe su ƙi. A 1913 wani Ba'amurke, William Coolidge, ya ƙera sabon ƙwai wanda ake iya ƙara ƙarfinsa ko a rage yadda ake so. Har yanzu a kan tsarinsa ake gina yawancin na asibitoci.

Abin da ke cikin ƙwan

Zuciyar na'urar wani ƙwai ne na gilashi mai kauri, ko na ƙarfe. Ya yi kama da ƙwan lantarki irin na da, sai dai ya fi shi girma. An zuƙe duk iskar da ke cikinsa, aka liƙe shi. A ciki akwai abubuwa biyu suna fuskantar juna.

Na farko siririn zaren ƙarfe ne da aka naɗe. Ɓangaren da yake ciki ana kiransa katod. Idan aka ba zaren wuta, sai ya yi ja, ya riƙa sakin ƙananan ƙwayoyin lantarki waɗanda ido ba ya gani.

Na biyu shi ne anod, wato wurin bugu. Ƙarfe ne mai tauri da aka ajiye daf da zaren. Aikinsa shi ne ya tari ƙwayoyin nan.

Abin da ke harba ƙwayoyin shi ne ƙarfin wuta. Ana auna wannan ƙarfi da bolt. Batirin tocila ɗaya yana da bolt ɗaya da rabi. Wutar gida tana da kimanin bolt 230. Amma ƙwan eksire na asibiti yana aiki da bolt 40,000 har zuwa 150,000. Wannan ƙarfi yana fizgar ƙwayoyin da matsanancin gudu, su je su daki anod. Da sun daka, sai hasken eksire ya fita, kamar yadda tartsatsi ke tashi idan maƙeri ya buga masaba a kan ƙarfe. Dalilin zuƙe iska shi ne don kada ta tare ƙwayoyin a hanya, kuma don kada zaren ya ƙone.

Babbar matsala ita ce zafi

Idan aka kasa wutar da ta shiga ƙwan kashi 100, kimanin kashi 1 ne kawai ke zama hasken eksire. Sauran kashi 99 zafi ne zalla. Kuma duk wannan zafi yana sauka a wuri ɗaya wanda bai wuce girman ƙwayar shinkafa ba. Dole wurin ya zama ƙarami, domin idan ya yi faɗi inuwar takan yi dishi-dishi, likita ya kasa ganin tsagewar ƙashi.

To, wane ƙarfe ne zai jure? Ruwa yana tafasa a digiri 100. Tagulla tana narkewa a digiri 1,085. Baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538. Amma akwai wani ƙarfe mai nauyi da ake kira tangistin, wanda ba ya narkewa sai a digiri 3,422. Babu ƙarfen da ya kai shi jure wuta. Shi ne zaren da ke haske a cikin ƙwan lantarki irin na da. Nauyinsa kuma yana sa ya ba da hasken eksire fiye da ƙarafa marasa nauyi. Shi ya sa aka zaɓe shi ya zama wurin bugu.

Dabarun rage zafi

Ko tangistin ɗin ma yana iya lalacewa idan ba a janye masa zafi ba. Saboda haka maƙeran ƙwan suka fito da dabaru.

Dabara ta farko: a dasa ɗan guntun tangistin a kan sandar tagulla mai kauri. Tagulla tana jan zafi da sauri, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafi idan an bar shi cikin tukunya. Irin wannan anod ba ya motsi. Ana samunsa a ƙananan na'urori, kamar ta hoton haƙori.

Dabara ta biyu: a yi anod kamar faifai, a sa shi yana juyawa. Mai gasa masara ya san wannan hikima. Idan ya bar ta a gefe ɗaya za ta ƙone, don haka yake juya ta. Haka faifan yake juyawa, kowane gefe ya sha bugu kaɗan ya wuce. Yakan yi juyi kimanin 3,000 a minti ɗaya, wasu har kusan 10,000. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fara sayar da irin wannan ƙwai a 1929. Ƙugin da majiyyaci ke ji kafin a ɗauki hoto, yawanci ƙarar wannan faifai ce.

Dabara ta uku: a karkata bakin faifan kaɗan. Wannan yana sa zafin ya bazu a wuri mai ɗan faɗi, amma hasken ya fita a tsuke, ya nufi majiyyaci. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Dabara ta huɗu: a nutsar da ƙwan gaba ɗaya cikin wani mai na musamman. Man yana shanye zafi, yana kuma hana wuta tsallakewa. Duk da haka, idan an yi hotuna da yawa a jere, wani lokaci sai an dakata ƙwan ya huce.

Rigar dalma

Hasken eksire yana da illa idan ya yi yawa. Mutanen farko ba su san haka ba, suka yi ta aiki ba kariya. Da yawa sun ƙone a hannu. Clarence Dally, wani ma'aikaci a Amurka, ya rasa hannuwansa biyu, sannan ya mutu a 1904 saboda ciwon daji da hasken ya jawo masa.

Wannan ya sa yanzu ake rufe ƙwan cikin akwati mai rufin dalma, domin dalma tana tare hasken. Ana barin 'yar taga guda ɗaya tak. A bakin tagar akwai fallen alminiyam, irin ƙarfen da ake yin tukwane da shi. Yana tace raunanan haske waɗanda ba su da amfani ga hoto. Akwai kuma murafe da ma'aikaci ke tsukewa, don hasken ya tsaya a kan wurin da ake dubawa kaɗai.

Abubuwan kiyayewa

Ƙwan ba ya fitar da komai sai an danna maɓalli. Ɗaukar hoton ƙirji ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Da an kashe, hasken ya ƙare, ba ya zama a jiki ko a ɗaki. Hasken hoto ɗaya kaɗan ne, don haka kada tsoro ya hana mutum zuwa idan likita ya tura shi.

1. Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa kafin a fara.
2. A cire sarƙa, laya, tsabar kuɗi da duk wani ƙarfe daga wurin da za a ɗauka.
3. A tsaya cik, a riƙe numfashi idan an ce a riƙe, don kada a sake wani.
4. Ɗan rakiya ya jira a waje. Idan zai riƙe yaro, ya nemi rigar dalma.
5. Hoto bincike ne, ba magani ba. Kada a yi shi sai da umarnin likita.
6. A adana tsohon hoto, a zo da shi duk ranar komawa asibiti.

Tambayoyi

1. Wa ya gano hasken eksire, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa ake yin anod da tangistin?
3. Mene ne amfanin juyawar faifai?
4. Me mace mai ciki za ta yi kafin a ɗauke ta hoto?

A rubuta amsoshi a littafi, a nuna wa malamin aji. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba.