Abin da Ranakun Mako Suka Tona Game da Asalin Turawan Ingila

Kowane ɗalibin aji ɗaya ya iya jera ranakun mako da Turanci, amma da wuya a sami wanda zai faɗi ma'anar uku daga cikinsu. Namu na Hausa ba su da wuya, gama daga Larabci muka aro su. Lahadi zuwa Alhamis ƙidaya ce kawai daga ɗaya zuwa biyar, Juma'a ranar taruwa, Asabar kuwa tushenta ɗaya da Asabaci. Na Turanci ba ƙidaya ba ne, sunayen abubuwan bauta ne.

Daga Romawa maganar ta faro. Su ne suka raba ranakun nan bakwai ga rana da wata da taurari biyar masu sunayen gumakansu: Mars, Makuri, Jupita, Benus da Satun. 'Yan'uwanmu na Nijar masu karatu da Faransanci suna kiran huɗu daga cikinsu kowane mako, wato mardi, mercredi, jeudi da vendredi. Kabilun arewacin Turai da suka yi ciniki da yaƙi da Romawa sun karɓi makon, sai dai suka cire gumakan Roma suka sa nasu. Sunday da Monday suka zauna na rana da wata. Tiw, gunkin yaƙi, ya maye gurbin Mars, aka sami Tuesday. Thunor mai tsawa da aradu ya ɗauki ranar Jupita, ga Thursday ke nan. Frig ta karɓi ta Benus, aka sami Friday. Satun kaɗai aka bari a Saturday.

Mu ɗan tsaya a kan Wednesday, wadda ta sha cinye makin ɗalibanmu a jarrabawa. Harafin "d" da ake rubutawa ba a furtawa, saura ne na sunan Woden, babban gunkinsu, mijin Frig. Wanda ya riƙe wannan ba zai sake mantawa da harafin ba. Sarakunansu na farko ma cewa suke yi su jikokin Woden ne, kamar yadda Bede, malamin Ikilisiya, ya rubuta a tarihin da ya kammala a shekara ta 731.

To, su wane ne masu waɗannan gumaka? Ba su ne 'yan ƙasa na asali ba. Lokacin da sojojin Roma suka shiga tsibirin Birtaniya a shekara ta 43 bayan haihuwar Almasihu, Biritoniyawa suka tarar, masu wani harshe dabam. Da mulkin Roma ya janye wajen shekara ta 410, sai kabilun Angil da Sakson da Jut suka riƙa ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak. Sunan Ingila kansa ma'anarsa ƙasar Angil. Abin mamaki, baƙin nan suka kira 'yan ƙasar da wata kalma mai nufin "baƙi", daga ita sunan Wales ya fito. Mutanen Wales har yau sunayen Roma suke kiran ranakunsu da su: Talata Mawrth, Laraba Mercher. Babu Woden a bakinsu. Daga baya mayaƙan teku na Bayikin suka fara kai hari a 793, Normawa kuma suka ci ƙasar a 1066. Binciken ƙasusuwan tsoffin kaburbura da aka buga a 2022 ya nuna kusan kashi 76 cikin ɗari na jinin mutanen gabashin Ingila na wancan zamani daga ƙetaren teku ya fito, kuma maza da mata ne suka yi ƙaurar, suka yi auratayya da 'yan ƙasa. Ashe Baturen Ingila gauraye ne.

Wannan ya shafe mu, domin mun sha jin ana kiran bangaskiyarmu "addinin Bature". Kakannin Turawan Ingila masu bautar gumaka ne, wasu ne suka kawo musu Bishara. Fafaroma Giregori ya aiki Agustin da abokan aikinsa wajen arba'in, suka sauka a Kent a shekara ta 597, Sarki Etelbat ya ba su izinin wa'azi, daga bisani shi ma aka yi masa baftisma. A lokacin Ikilisiya ta daɗe da kafuwa a Masar da Habasha.

Wasu za su tambaya ko daidai ne Kirista ya riƙa ambaton sunayen nan. A ganinmu babu laifi, gama wanda ya ce Thursday ba aradu yake roƙo ba, kamar yadda ba a tuna ƙidayar Larabci in an kira Talatu ko Balarabe. Amma ba kowa ya yarda da haka ba. Kiristocin Kwaika na Ingila sun ƙi sunayen tun ƙarni na 17, suka riƙa cewa Rana ta Fari, Rana ta Biyu. A Fotugal kuma, inda Bishop Matin na Baraga ya yi wa'azi a kan sunayen gumakan a ƙarni na 6, ƙidaya ce ta yi nasara: Litinin ita ce rana ta biyu a harshensu, Alhamis ta biyar, daidai da lissafin da ke cikin namu.