Furotin ɗin kajinmu a gonarmu yake, amma a buhun kamfani muke sayensa

Darasin yau ya ɗan yi tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman waɗanda ke shirin fara kiwo bayan damina.

Duk wanda ya taɓa ajiye kaji ko da ɗari ne ya san inda kuɗinsa ke tafiya. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da za ka kashe, abinci ne. A cikin abincin kuma, masara ce ta fi yawa, amma furotin ne ya fi tsada. Masara furotin ɗinta bai wuce kashi 8 zuwa 9 ba, alhali ɗan tsakon buroila yana neman wajen 22, kaza mai ƙwai 16 zuwa 17, tarwaɗa kuwa daga 35 zuwa sama. Wannan giɓin shi ake cikewa da waken suya, ƙuli-ƙuli da sauransu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk waɗannan a ƙasarmu ake noma su. Waken suya na Binuwai da Kaduna, gyaɗa a Kano da Jigawa, auduga a yankin Funtuwa, riɗi a Jigawa da Nasarawa. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, manomi zai kwashi wakensa ya kai kasuwa lokacin da ya fi arha. 'Yan kasuwa su tara a Dawanau da makamantanta, a loda a tirela, a matse mai, a haɗa abinci, sannan ya dawo mana cikin buhu mai kilo 25 da kuɗin mota zuwa da dawowa a kansa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kowa ya ga yadda buhun ya yi, gonaki nawa aka rufe a unguwarku?

To amma fa kada wani ya ji wannan ya ruga ya niƙa wake ya zuba wa kaji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da aibinsa, kuma a nan darasin yake.

Waken suya shi ne sarki, domin laisin ɗinsa na da yawa, wato sinadarin da masara ta rasa. Ɗanyensa na da furotin kusan kashi 38 da mai kusan kashi 18, kek ɗinsa kuma bayan an matse mai yana kai 44 zuwa 48. Sai dai ɗanyen wake yana ɗauke da wani sinadari da ke hana hanjin kaza narkar da furotin. Kaza za ta ci ta ƙoshi, amma ba za ta girma ba. Ni kaina na yi wannan kuskuren a kajina na farko. Wai ni mai wayo, na niƙa ɗanye na haɗa da masara, sati huɗu kaji kamar 'yan sati biyu, ga kashi mai ruwa. Zafi ne ke kashe sinadarin. Ko ka soya shi a kasko kana juyawa, ko ka tafasa kamar minti 30 ka shanya ya bushe sarai. Idan ka fasa ƙwaya ka ga cikinta ya yi ruwan zuma mai haske, ƙamshi kamar na soyayyar gyaɗa, ka tauna ba ka ji ƙarnin ɗanyen wake ba, ya yi. Idan ya yi baƙi kuwa, ka ƙona laisin ɗin da ka sayi waken dominsa.

Ƙuli-ƙuli furotin ɗinsa na kai 40 zuwa 45, kuma sau da yawa ya fi sauƙin samu a ƙauye. Matsalarsa biyu: laisin ɗinsa kaɗan ne, sannan ga gubar funfuna da ake kira afilatokzin. Wannan gubar ba abin wasa ba ce. A 1960 ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila, ta hanyar garin gyaɗa da aka kawo daga Brazil, a nan ma aka fara gano ta. Tana lalata hanta, ta rage ƙwai, ta sa rigakafin da ka yi wa kaji ya ƙi kamawa yadda ya kamata, kuma soyawa ba ta kashe ta. Ƙulin da ya yi warin rima, ko ya yi kore-kore, ko mai ɗaci, ka bar wa mai shi ko da kyauta ne. Kuma a kula, wanda ake yi don cin mutane akwai gishiri da yaji a ciki, ka nemi wanda ba a sa wa komai ba. A nawa ra'ayin, kada ƙuli ya maye fiye da rabin waken suyan da ke cikin haɗinka.

Kek ɗin angurya ka bar wa masu shanu da tumaki. Akwai gosifol a cikinsa, yana ɓata launin ƙwanduwa idan ƙwai ya kwana biyu a ajiye. Tunkuzar riɗi kuwa tana da metiyonin, abin da waken suya ke da ƙarancinsa, don haka in ka samu da arha, ɗan kaɗan a ciki yana gyara haɗi.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce kana son abinci mai furotin 20 na buroila manya, kana da masara mai 9 da kek ɗin suya mai 44. Cire 20 daga 44, saura 24, wannan kason masara ne. Cire 9 daga 20, saura 11, kason suya ke nan. Jimla 35. Ke nan a kilo 100, masara kusan kilo 69, suya kilo 31. Wannan ƙashin bayan haɗin ne kawai, sai ka rage wuri don garin ƙashi, farar ƙasa, gishiri, firimis da metiyonin. Shi metiyonin na buhu daga waje ake kawo shi, ba mu da yadda za mu yi, amma giram ake sawa, ba kilo-kilo ba.

Masu kifi, ku a yi hankali. Tarwaɗa ƙarama ba ta wadatuwa da furotin na tsiro zalla, dole sai da garin kifi a ciki. Sai ta girma ake ƙara kason suya.

Wanda ke da gona ko da kadada ɗaya ce, ya ware wa waken suya wani ɓangare. Ana shuka shi daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. A nemi iri irin su TGx 1448-2E na cibiyar IITA, wanda ba ya saurin fashewa a gona, a gauraya shi da NoduMax kafin shuka. Yana bar wa ƙasa taki, kuma yana rage wuta-wuta ga masarar da za ta biyo baya. Wanda ba shi da gona, ku haɗu ku biyar ko goma ku sayi wake da kaka, ku tabbatar ya bushe, ku ɗora buhunan a kan katako nesa da bango.

Darasi na gaba in sha Allah zan kawo cikakken haɗin kilo 100 na kaji masu ƙwai, da yadda ake gwada shi a kan kaji ashirin kafin a ba duka garke.