Neman Wanda Ya Ɓace a Daji

Anka da Bukkuyum da Gummi garuruwa ne na yammacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a shekarar 1996. Anka ce daga gabas, Bukkuyum tana tsakiya, Gummi kuwa tana yamma. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar ya nufi Jihar Kebbi, daga kudu kuma ga Gulbin Ka. Tsakanin ƙauyuka akwai dazuzzuka masu faɗi, da fadamu, da kwazazzabai. Yawancin mutanen wurin manoma ne da makiyaya da masunta, saboda haka kullum suna da hulɗa da daji.

Daji yana da amfani, amma yakan ɓad da mutum. Yaro yakan bi akuyarsa ya yi nisa bai sani ba. Yarinya takan tafi tsintar kaɗanya ko yin itace, ta juyo ta rasa hanya. Tsoho wanda idonsa ya yi rauni yakan saki turba da magariba. Da kaka gamba takan yi tsawo har ta shanye mutum, da hunturu kuwa hazo yakan rufe rana.

Me ya sa wanda ya ɓace ba ya miƙewa sosai har ya fita? Dalili shi ne, in mutum ba ya ganin rana ko wata alama, sai ya riƙa karkata kaɗan kaɗan, yana tsammani a miƙe yake. A shekarar 2009 waɗansu masana na ƙasar Jamus suka gwada wannan a cikin wani daji. Waɗanda suka yi tafiya rana tana waje suka miƙe, waɗanda kuwa gizagizai suka rufe musu ita suka yi ta kewayawa suna komowa inda suka baro.

Sa'ad da aka ga mutum bai komo gida ba, ba a zama a ce a jira gari ya waye. Maigida yakan tafi wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai magana ga hakimi, hakimi ya sanar da uban ƙasa da 'yan sanda. Sa'an nan a yi cigiya. Dā sanƙira ne kan bi unguwa unguwa yana shela, ko a buga ganga jama'a su taru. Yanzu an sami ƙarin lasifikar masallaci da wayar hannu. Mai cigiya yakan faɗi sunan wanda ya ɓace, da shekarunsa, da irin tufafin da ke jikinsa, da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe.

Akwai dalili biyu da suka sa ake hanzari. Na fari ƙishirwa. Mutum yakan jure yunwa kwana da kwanaki, amma da wuya ya wuce kwana uku ba ruwa, balle da bazara. Na biyu lissafi ne. In ana zaton yaro ya yi nisan kilomita 2 daga gari, dole a duba kowace nahiya, gabas da yamma, kudu da arewa. In aka yi jinkiri har ya yi kilomita 4, filin da za a bincika ba ninki biyu zai zama ba, ninki huɗu ne.

Neman wanda ya ɓace aikin gayya ne, ba a biyan kowa ko anini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma taron da ba shugaba ɓarna yake yi, don haka akan sa mafarauta a gaba, gama su suka san daji. Sukan fara daga wurin da aka yi ganin ƙarshe, su hana jama'a tattake shi. Gwanin bin sawu yakan duba girman ƙafa, da ciyawar da ta kwanta, da reshen da ya karye, da zaren da ƙaya ta fizga. Ya fi son hantsi da la'asar, domin sa'an nan rana tana gefe, inuwa takan fito da sawu sarai. Akan kuma tambayi makiyaya da matafiya ko sun ga wani abu.

In sawu ya ɓace, sai samari su jeru kafaɗa da kafaɗa, su buɗa kaɗan, yadda kowa yana ganin na damansa da na hagunsa. Su yi tafiya sannu, suna duba ƙarƙashin kowane kurmi da bayan kowace suri. In sun gama da wuri sai su ɗaure ciyawa ko su sassaƙi itace, don kada a maimaita. Sukan kira suna da ƙarfi, sa'an nan kowa ya yi tsit a saurara, gama in ana ta hayaniya ba za a ji muryar wanda ya gaji ba. Ƙaramin yaro kuwa sau da yawa yakan tsorata ya ɓuya, ya ƙi amsawa, shi ya sa akan tafi da wanda ya san muryarsa.

Akwai wuraren da akan fara dubawa domin haɗarinsu: tsofaffin rijiyoyi, da kududdufai, da bakin gulbi. A wajen Bagega da Dareta na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, inda aka yi haƙar zinariya, akan leƙa ramukan da aka bari. Masu nema sukan riƙe sanda da gorar ruwa da tocila, su sa takalmi saboda kububuwa da kasa. Kafin a tashi akan ƙidaya su, in an komo a sāke ƙidayawa, kada a je neman ɗaya a bar biyu. Mata da tsofaffi su ma da nasu aiki: su ke dafa abinci, su kai ruwa, su zauna da iyalin gidan suna ba su haƙuri.

In abin ya shafi ruwa, sai a nemi masunta. Ranar 14 ga Satumba 2024 wani jirgin ruwa ɗauke da manoma ya kife kusa da Gummi, suna kan hanyarsu ta zuwa gona. Mutanen gari masu iya ninƙaya suka shiga ruwa, aka ceto waɗansu, amma mutane da yawa suka rasu. Allah ya jiƙansu.

A shekarun nan kuma 'yan bindiga sun ɓata waɗansu dazuzzukan Zamfara. Saboda haka in ana zaton ɗauke mutum aka yi, ba a shiga da gayya. Wannan aikin jami'an tsaro ne, sai a kai musu labari nan da nan.

To, me ya kamaci yaron da ya ga ya ɓace? Kada ya yi gudu. Ya sami inuwar babban itace a fili ya zauna, gama wanda ya tsaya wuri ɗaya ya fi saurin ganuwa. Ya yi tattalin ruwansa, ya rataya hularsa ko ɗankwali a reshe. In ya ji ana kira ya amsa, kada ya ji tsoron faɗa, domin iyayensa murna za su yi. Amma rigakafi ya fi magani. Yaron kirki ba ya shiga daji shi kaɗai, ba ya kuma fita sai ya gaya wa na gida inda za shi da lokacin da zai komo.

Tambayoyi

1. Waɗanne gulabe biyu ne aka ambata a cikin wannan darasi?
2. Me ya sa wanda ya ɓace yakan yi ta kewayawa?
3. Waɗanne abubuwa huɗu ne mai cigiya yakan faɗi?
4. Don me masu nema sukan yi tsit bayan sun yi kira?
5. Rubuta abu uku da ya kamata yaro ya yi in ya ɓace.